Ku Tambaya Mu Amsa: Zaman Jirgi a Kan Ruwan Volta

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan karon wasiƙu uku ne suka faɗo a kan magana ɗaya, maganar ruwa da jirgi, shi ya sa na haɗa su wuri guda. Waɗanda suka daɗe suna bin wannan fili sun san ni ɗan Aboabo ne a nan Kumasi, amma da ƙuruciyata na yi shekara biyu da 'yan watanni a Yeji, bakin tafkin Volta, wajen kawuna mai fataucin bandar kifi, muna bin ƙauyukan bakin ruwa da tsibirai muna saye, wani zubin sai mu yi kwana takwas ko goma jirgin ne ɗakinmu shi ne kicin ɗinmu shi ne masallacinmu. To da abin da na gani a wancan zaman zan amsa.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni saurayi ne ina gyaran waya a Nima, kuma wallahi zaman Ankara (Accra) ya ishe ni, ga hayaniya ga trafik ga mai gida yana neman kuɗin hayar shekara biyu gaba ɗaya. Ina yawan kallon bidiyon Turawa a YouTube waɗanda suka sai da komai nasu suka koma cikin ɗan jirgi mai tafiya da iska suna bin koguna, yau suna nan gobe suna can, su dafa shayinsu su karanta littafi babu mai damunsu. Dan Allah mutum zai iya irin wannan a Volta? Kuma yaya rayuwar take tun daga safe har dare? (Daga wani mai karatu a Nima, Accra)

AMSA: Ƙanena zai yiwu, amma ka san hangen Dala ba shiga birni ba ne. Bari in fara da abin da kake gani a wayar. Yawancin waɗancan Turawan a ruwan da aka haƙa da hannu suke, wato kanal, irin na Ingila da Faransa. Na Ingila jirginsu siriri ne faɗinsa bai cika ƙafa 7 ba, saboda ƙofofin ruwan da zai ratsa iyakarsu ke nan, gudunsa ba ya wuce mil 4 a awa kamar mai sauri da ƙafa, kuma wanda ba shi da wurin ɗaure jirgi na kansa ba a barinsa ya wuce kwana 14 a wuri ɗaya. A Faransa akwai Canal du Midi mai tsawon kilomita 240 wanda aka buɗe tun 1681, masu jirgi mai tafiya da iska in za su bi ta nan sai sun kwantar da sandar ƙyallen da iska ke turawa saboda gadoji sannan su kunna inji. Ruwan nan a kwance yake lif, gaɓa tana kusa kamar ka miƙa hannu, ga famfo ga shago duk bayan 'yar tafiya.

Namu daban ne. Tun da aka gama dam ɗin Akosombo a 1965 ruwa ya taru ya zama tafki mai faɗin murabba'in kilomita wajen 8,500, daga Akosombo zuwa Buipe fiye da kilomita 400 ne ta ruwa, kuma in hazon hunturu ya sauka kana tsakiya ba ka ganin gaɓa gabas ko yamma. Babban abin kuma shi ne daji aka nutsar da itatuwansa a tsaye ba a sare su ba, har yau suna nan, wasu sun fito da kai kana ganinsu, wasu kuma suna ƙasa da ruwan da kamu ɗaya kawai suna jiran cikin jirgi. Shi ya sa irin jirgin Turawan nan mai dogon ƙarfe a ƙasansa wanda ke nitsewa fiye da mita ɗaya, a wurare da yawa na tafkin wahala kawai zai ba ka. Mai shimfiɗaɗɗen ciki shi ne na nan.

Yanzu ga yadda yini yake. Kafin kiran asuba ka tashi, kuma kafin ma alwala abin da za ka fara shi ne ka sa ƙafa a ƙasan jirgi ka ji ruwan da ya shigo cikin dare, don jirgin katako duk kyansa sai ya yi yoyo. Muna da wani galan ɗin Kufuor, wato jarkar roba, da aka yanke gindinsa, da shi nake kwarfewa, kuma kawu ya koya min in riƙa ƙirga, in jiya galan ashirin na kwarfe yau ya zama talatin to akwai inda ya buɗe, sai an nemo shi an cusa auduga an shafa kwalta kafin a ɗaga. Bayan sallah a hura kolfot. Kolfot ɗin a cikin tsohon baho mai yashi muke zaunar da shi don garwashi in ya faɗi kada ya kama katako, ga galan-galan na firimis, wato man injin jirgi, a gefe, kuskure ɗaya ya isa. A dama koko in akwai ƙullu, in babu a sha shayi da gari. Burodi kwana biyu ya yi funfuna saboda raɓa, dokunu ya fi shi daɗewa, amma abokan tafiya na gaskiya su ne gari da shito da doya da albasa, kifi kuwa ba ka rasawa, karfasa da tarwaɗa, wani lokaci masunci ya ba ka kyauta don kawai ka gaishe shi da kyau.

Da sassafe ruwan kamar faranti yake, babu ko motsi, iska sai rana ta ɗan ɗaga take tasowa. Muna da inji Yamaha mai doki 40 amma firimis ba kullum ake samu ba, in an samu ma kawu ba ya son ƙona shi a banza, to sai a ɗaga ƙyalle. Ƙyallen namu buhunan fulawa ne aka farke aka ɗinke su wuri guda, aka ɗaura a jikin gora, har rubutun kamfanin kana karantawa a jiki, kuma haka za ka ga na masunta da yawa a tafkin. Irin wannan ƙyallen inda iska ta nufa nan yake kai ka, ba ya iya yanka ta ya koma baya kamar na Turawa. Yawancin shekara iskar daga kudu maso yamma take zuwa, daga Disamba zuwa Fabrairu kuma hunturu ya juyo da ita daga arewa maso gabas, saboda haka tafiyarka ba kai kaɗai ke tsara ta ba. Na sha ganin mun wuni cur a bayan wani tsibiri muna jiran iska ta juyo, kawu yana jan carbi ni ina gyaran igiya, kuma a nan ne mutum yake gane ko zai iya wannan rayuwa ko ba zai iya ba, don wanda ya saba da Nima inda kowane minti akwai abin da ke faruwa, shirun nan yana iya yi masa nauyi fiye da hayaniyar da ya gudo wa.

In ana tafiya mutum ɗaya yana gaban jirgi da doguwar gora, aikinsa kallon ruwa. Ni ne mai wannan aikin. Kana neman inda ruwa ya ɗan murɗa ba dalili, ko ka ga tsuntsu a tsaye a tsakiyar ruwa kamar a kan iska yake, to kututture ne a ƙarƙashinsa. Sannan ga ragar masunta, alamarta robobin lemo ne ko guntun soso suna yawo a sama, in ka yanke wa mutum raga ka yanke masa abincin gidansa ne kuma sai ka biya. Da azahar rana ba ta da tausayi, tana dukanka ta sama ruwa yana dawo maka da ita ta ƙasa, in babu rumfar tampol fatarka sai ta saɓule. La'asar na yi a fara neman wurin kwana, ba a tafiyar dare, duk wanda ya ce maka ya san hanya ko a duhu ka sauka daga jirginsa. In ƙauye ne a je a gaida mai garin a faɗi daga inda aka fito da inda za a, kamar dai yadda baƙo yake fara sauka wajen Sarkin Zango. Yawancin masuntan mutanen Ewe ne na wajen Battor da mutanen Ada, akwai Fante ma, kuma da ɗan Twi da Hausa za ka yi ciniki a kusan ko'ina.

Dare kuwa, Allah ya sani har yau ina kewarsa. Sauro na nan kamar ya ɗauke ka, dole gidan sauro, amma in ka shige ka kwanta a kan buhunan kifi kana jin ruwa yana taɓa katako a hankali daidai kunnenka, taurari sun cika sama har ƙasa babu wutar lantarki ko ɗaya da za ta dishe su, can nesa fitilar wani masunci tana lilo, wani irin barci kake yi wanda ban ƙara samun irinsa a Kumasi ba.

Sai maganar hadari, nan ne nake so ka buɗe kunne. Daga Maris zuwa Yuni, da kuma wajen Satumba da Oktoba, hadari yana tasowa ne yawanci daga gabas kuma ba ya sallama. Wata rana a watan Afrilu muna dawowa da kaya cike, rana tsaka, iska ta ɗauke ɗif kamar an rufe ƙofa, ƙyallen ya saki jiki. Kawu ya waiga gabas ya ga wani baƙin layi a ƙasan sama, bai ce komai ba sai ya fizge igiyar ya sauke ƙyallen ya tada inji ya nufi gaɓa mafi kusa, ba ma wadda za mu ba. Ba mu kai ba iskar ta iso, ruwan da ɗazu yake kamar faranti ya zama tuddai, ni ina kwarfa da galan hannuna har ya mutu, sai muka ji ƙum a ƙasan jirgi, mun hau kututture. Allah ya taimake mu gefe ya goga bai huda ba, katako ɗaya ne ya tsage, kawu ya cire rawaninsa ya cusa a tsagar ya taka da ƙafa yana tuƙi da hannu ɗaya yana salati har muka shiga cikin ciyawa. Buhu huɗu muka zubar a ruwa ranar don jirgin ya ɗago. Haɗurran da kake ji a rediyo ana cewa jirgi ya kife a Volta, in ka bi diddigi yawanci abu uku ne, lodi ya wuce kima, ko kututture, ko hadari, kuma mutanen ciki babu rigar ruwa a jikinsu. Rigar nan ka saye ta kafin ka sayi komai, kuma a jiki ake sa ta ba matashin kai ake yi da ita ba.

Shawarata kada ka sai da shagonka. Ka fara koyon iyo, sannan ka je Ada Foah inda Volta ke shiga teku, akwai masu ƙananan jiragen iska a can, ka nemi mai koya maka. Ka tuntuɓi ofishin Volta Lake Transport a Akosombo ka ji ko jirginsu na Yeji, wanda muka sani da Yapei Queen, yana tashi har yanzu, tafiyar ta fi kwana ɗaya, ka kwana a kan ruwa ka ji yadda jikinka zai karɓa. In ka dawo har yanzu zuciyarka tana can, to sana'arka ma za ta ci da kai, don kasuwannin bakin ruwa irin su Dzemeni da Kpando Torkor da Dambai da Yeji cike suke da masunta masu wayar da ta sha ruwa, ga ƙauyukan tsibiri da ba su da wutar caji, mai sola ɗaya da kayan gyara ba zai kwana da yunwa ba. Netwok dai yana zuwa yana tafiya, ka riƙe tsabar sidi a leda kada ka dogara da momo, wato kuɗin cikin waya, kaɗai.

TAMBAYA: Malam ina yini. Maigidana ya yi ritaya, yanzu ya dage sai mun yi wata guda a jirgi a kan Volta ni da shi da ɗanmu, wai abokinsa yana da jirgi mai rumfa. Ni ba tafiyar nake ƙi ba, abin da ke damuna sallah da tsarki, da kuma yadda mace za ta yi da lalurarta a wurin da babu bayi. Ga shi yana da hawan jini. (Daga wata Hajiya a Asawase, Kumasi)

AMSA: Hajiya lafiya lau, kuma tambayarki ta mai hankali ce. Ta wajen tsarki kada ki damu, ruwan tafkin mai tsarki ne ana alwala da wanka da shi, ai ko ruwan teku da aka tambayi Manzon Allah (SAW) a kansa ya ce ruwansa mai tsarkakewa ne kuma mushensa halal ne, hadisin yana cikin Muwaɗɗa. Sallah a jirgi malamanmu na Malikiyya sun yi bayaninta, ki fuskanci alƙibla, in jirgin ya juya ki juya in da hali, ki tsaya in za ki iya, in tsayuwar za ta kada ki ko jiri na ɗibarki ki zauna. Alƙiblarmu a Ghana gabas ce mai karkata arewa, ƙaramin kamfas ya fi waya amfani a can. In tafiyar ta kai mil 48 akwai ƙasaru, in kuma kun yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri ɗaya sai ku cika. Amma a zahiri tunda ba a tafiyar dare, asuba da magariba da lisha duk jirgin a ɗaure yake, sau da yawa ma a kan gaɓa za ki shimfiɗa dardumarki. Ki ƙara zama da malamin unguwarku kafin ku tashi.

Inda nake so ki tsaya tsayin daka shi ne lafiya. Ruwan yana da tsarki amma ba shi da tsabtar sha, kuma bakin gaɓa inda ciyawa take nan ne dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya yake zama, cutar nan ta fitsarin jini, wadda ta yaɗu sosai a ƙauyukan bakin tafkin bayan an yi dam. Ta fata take shiga, tsayuwa cikin ruwan kina wanke kwano ma ta isa. Mu da muna yara ba mu sani ba, ni kaina sai da na sha magani bayan na dawo Kumasi. Saboda haka a ɗebo ruwa da bokiti daga inda yake da zurfi, a ajiye shi a rufe ya kwana biyu kafin a yi wanka da shi, na sha kuwa a sa alif ya kwanta a tafasa, ko ku yi lodin piya wata a duk garin da kuka tsaya. In kun dawo ku je asibiti a gwada fitsari ko ba ku ji komai ba.

Maganar bayi, ki gaya wa Alhaji tun yanzu cewa ba za ki hau ba sai an killace miki wani lungu a bayan jirgin da tampol ko zana, da bokiti mai murfi da buta, kuma in an tsaya a je nesa da ruwa a tona rami a binne, kada a juye a tafkin don mutanen ƙauyen daga nan suke sha. Wannan haƙƙinki ne ba alfarma ba. Shi kuma ya ga likitansa kafin tafiya, ya riƙe maganin da zai wuce wata guda a cikin roba mai murfi, ku tafi da abin awon jini, kuma ku tsara hanyar yadda ba za ku yi nisa da gari mai asibiti ba, irin su Yeji da Kete Krachi da Kpando. Da ni ne ma sai in ce ku fara da mako ɗaya, a watan Nuwamba ko Disamba, lokacin ruwa ya cika kututture da yawa sun nitse can ƙasa kuma hadari ya ɗauke.

TAMBAYA: Malam a makaranta an ce mana da can ana kai gishiri daga Ada har arewa ta kogin Volta. Yanzu mutum zai iya tashi da jirgi daga Ada ya wuce har Yeji ba tare da ya sauka ba? (Daga wani ɗalibi a Madina Zango)

AMSA: Ɗana gaskiya aka gaya maka, gishirin Songor na Ada a kwale-kwale ake hawa da shi da gora har Kete Krachi da gaba, daga can fatake su ɗauka, kuma kakanninmu masu fataucin goro a Yeji suke ƙetare ruwa zuwa Salaga. Amma yanzu ba zai yiwu a miƙe ba. Daga Ada za ka hau ka wuce ƙarƙashin gadar Sogakope, sai ka tarar da dam ɗin Kpong wanda aka gama a 1982, gaba da shi kuma bayan gadar Adomi ga na Akosombo, kuma duk biyun ba a yi musu ƙofar ɗaga jirgi irin ta kanal ɗin Turai ba. Dole a fito da jirgin a ɗora a mota a zagaya da shi a sake saka shi a tafki. Ƙasan dam ɗin ma a riƙa sauraron sanarwa, ka tuna Oktoban 2023 da aka saki ruwa ya shanye Mepe da garuruwan kusa.

In Allah ya sa ka yi tafiyar wata rana, in kun kusa Kete Krachi ka ce wa mai jirgin ya nuna maka inda tsohon garin yake. Mutum wajen 80,000 aka tasa daga gidajensu lokacin da ruwan ya taru aka zaunar da su a sababbin garuruwa 52, kuma tsohuwar Kete, zangon Hausawa inda Alhaji Umaru ɗan Kano ya karantar har ya rasu a 1934, tana cikin wuraren da ruwa ya ci. Duk lokacin da muka zo wucewa ta wajen kawu yakan rage inji, ya nuna min wani wuri da ni ban ga komai ba sai ruwa, ya ce nan kasuwa take, can kuma gidan da mahaifinsa ke sauka, sannan mu ɗaga hannu mu karanta Fatiha da Ƙulhuwallahu ƙafa uku kafin ya ƙara wuta.